Ɗigon da Ya Ƙi Tsayawa

Delbert Hruska ya fi shekara talatin yana tsaye gadi a ƙofar kotun gundumarmu, har mutane suka daina ganinsa kamar yadda suka daina ganin ƙofar kanta. Dogo ne, kunnuwa fato-fato, gashin baki fari fat, ga wata tsohuwar malafa da ba ta taɓa haɗuwa da sabulu ba. In tarar gudu da mota ta kawo ka, shi zai karɓi wuƙar aljihunka ya ajiye maka, ya tambaye ka lafiyar shanu. In rabuwar aure ce, ya zaunar da kai a bencin hagu, matarka a na dama, shi kuma ya dasa kansa a tsakiya yana zancen ruwan sama har a kira ku.

An taɓa yin wani manomi da alƙali ya raba da 'ya'yansa. Ya fito idonsa jawur, ya nufi motarsa, kowa kuma ya san akwai bindiga rataye a bayan kujerar motar. Del, yadda muke kiran Delbert, ya bi shi a hankali, ya jingina da ƙofar motar, ya roƙe shi ashana. Del ko taba ba ya sha. Suka zauna a kan matakala har rana ta karkata, mutumin ya yi kukansa ya tafi gida. Tun da ya fara aikin nan bai taɓa zare wa ɗan Adam bindiga ba. Amma duk yankinmu na Nebraska an san in ya zare ba zai kuskure ba, wannan sanin kuwa shi ne rabin aikin.

Sunana Orval. Ni ke gyaran bindigogi a ɗan ɗakin da ke bayan shagon abincin dabbobi, ni kuma ke riƙe da makullin filin harbi na gari. Tare muka tashi da Del, malami ɗaya ya zane mu, ni na riƙe masa zobe ranar da ya auri Lorna. Saboda haka labarin nan ba ji na yi ba. Ina ma a ce ji na yi.

Ƙa'idar aikinsu ba ta da kwana-kwana. Duk wanda ke rataya bindiga a ƙarƙashin Sherif, shugaban 'yan sandan gunduma, kowace kaka sai ya zo filina ya yi gwaji. Harsashi talatin ake ba mutum, a fara daga kusa ana ja da baya har yadi ashirin da biyar, kuma dole ashirin da huɗu su faɗa cikin da'irar da ke jikin takarda. Wanda ya kasa, a ba shi dama ta biyu. In ya sake kasawa, ya ajiye bajo ya tafi gida kiwon kaji. Shekara da shekaru Del bai ɗauki ranar a bakin komai ba. Zai zo da kwalin kolacin Lorna, wani ɗan burodi mai zaƙin 'ya'yan itace a tsakiya, ya raba wa samari, ya huda tsakiyar takardarsa har ramukan su haɗe, ya kakkaɓe hannu ya koma bakin aiki.

Ido ne ya fara cin amanarsa. Mai harbi da ƙaramar bindiga abu uku yake jerawa a layi ɗaya: tsagin baya da tsinin gaba na saitin ƙarfen da ke kan bindigar, da abin da yake son samu. Idon saurayi na tsalle tsakaninsu ba wahala. Idon ɗan shekara sittin da bakwai kuwa, in ya kama ɗaya sai biyun su narke. Ya gwada tabarau mai hawa biyu, ya koma yana ɗaga haɓa kamar kaza na shan ruwa. A gwajin wannan shekarar ashirin da huɗu ya samu cif, da ƙyar da jiɓin goshi. Ya tafi ko sallama babu, ya bar kwalin kolacinsa a kan benci.

Da ƙanƙara ta narke sai ga shi a shagona da wani ɗan kwali. Ya tura mini shi a kan tebur yana waige-waige, sai ka ce abin kunya ya kawo.

"Kada ka ce komai," in ji shi.

"Ni na isa?" Na buɗe kwalin. "Iye! Ba kai ne ka ce duk wanda ya ɗora wa bindigarsa talabijin gara ya zauna gida ya kalli ƙwallo ba?"

"Na ce."

"Ba kai ka ce kayan wasan yara ne ba?"

"Orval, za ka ɗaura mini, ko in kai wa wanda ya iya?"

"Wa ya iya a gundumar nan in ba ni ba? Kawo nan, tsoho."

"Ji mai kiran wani tsoho. Wata huɗu fa na ba ka, ɗan rainin hankali."

Abin bai fi kan babban yatsa ba: ɗan gilashi cikin gidan ƙarfe, da batir kamar maɓallin riga. In ka leƙa sai ka ga jan ɗigo yana shawagi a ciki. Ba ruwanka da jera abu uku; ka kalli abin da kake so, ka ɗora masa ɗigon, ka matsa kunama. Ga shi da tattali, in bindiga ta kwanta ba motsi na ɗan lokaci sai ya mutu da kansa, da an taɓa ta kuma ya farka. Na sassaƙe masa gurbi a bayan bindigar, na ɗaure shi da sukuru biyu, na saita shi da hannuna. Aikin ya yi kyau, ba don ni na yi ba.

Ranar da muka fita da shi fili, Del ya ɗaga bindiga, ya leƙa gilashin, sannan ya saki wata dariya da rabona da jin irinta tun muna samari.

"Orval! Ina ganin takardar! Har ƙusar da ka kafe ta da ita ina gani!"

Na ji daɗi har cikin raina, amma daɗin bai daɗe ba.

"To me ya sa yake rawa haka?"

"Na kowa yana ɗan motsi," na ce. "Da ma can hannu na motsi, saitin ƙarfe ne ke rufa wa mutum asiri. Wannan ba ya rufa wa kowa."

"Wannan ba motsi ba ne, mutumina. Rawa ce."

Na karɓa na ɗaga. A hannuna ɗigon na ɗan lilo a hankali, kamar na kowa. Na mayar masa, na koma gefe na zuba wa bakin bindigar ido. Sai na ga abin da ya daɗe a gabana ban lura ba: bakin na kaɗawa ƙanana-ƙanana, da sauri-sauri, kamar wutsiyar ɗan akuya. Na buɗe baki, sai na ji kaina ina cewa ƙila sukuru ne bai ɗauru ba.

Kun dai san halin mutanenmu. Namijin wajen nan zai zargi bindiga, ya zargi harsashi, ya zargi iska da rana da gwamnati, kafin ya zargi jikinsa. Likita kuwa sai bijimi ya tattake ka, shi ma sai an gama girbin masara. Haka muka kwashe makonni muna tuhumar ɗan gilashin da bai san hawa ba bai san sauka ba. Na sauya sukuru, na sauya batir. Del ya mayar da shi kamfanin da ya ƙera, suka duba suka ce lafiyarsa ƙalau, duk da haka suka aiko da sabo don ladabi. Sabon ma rawa. 'Yan ƙungiyar harbi ta ranar Alhamis kowa ya zama boka: wannan ya ce a ƙara wa bindigar nauyi, wancan ya ce a rage hasken ɗigon, wani ya rantse da kabarin kakansa gahawa ce. Del ya bar gahawa, ya zama masifaffe, har alƙali da kansa ya roƙe shi ya koma sha.

Wata Asabar da hantsi ya faɗo shago a fusace, ya dangwarar da bindigar a gabana.

"Kai ka ɓata gurbin nan. A karkace yake. Ka tsufa, hannunka ya lalace, ba ka so a faɗa."

Nan fa zuciya ta ɗebe ni. A ce mini mummuna na yarda, a ce mini marowaci ban musa ba, amma a ce aikina ya karkace? Na fizgi bindigar, na duba ba harsashi, na danne ta cikin mamatsin ƙarfe da ke jikin teburina, na auna ta ga wata ƙusa a bango.

"Leƙa!" na daka masa tsawa. "Leƙa ka gaya mini abin da ya karkace!"

Ya sunkuya ya leƙa. Ɗigon na zaune daram a kan ƙusar, ko gezau. Ya daɗe a sunkuye. Yana nan a haka har ɗigon ya gaji da zama ya mutu da kansa. Sannan Del ya miƙe, ya cusa hannayensa biyu cikin aljihu.

"Babana da hannu biyu yake shan gahawa," in ji shi.

"Na tuna."

"Cokali na kaɗa masa kofi kamar ƙararrawar coci. Mu fita waje muna masa dariya."

"Na tuna, Del."

Na ci gardama, kuma ban taɓa cin abin da ya kai ta ɗaci ba. Da zan iya mayar da hannun agogo, da na bar shi ya ci gaba da zagin aikina har ƙarshen rayuwarmu.

Ashe Lorna ta riga mu sani, kamar yadda mata ke riga mu sanin komai. Ta biyo ta shagona ran Litinin, ta ce tun kafin Kirsimeti ya daina shan miya a gaban baƙi, kuma rabin kofi yake zuba wa kansa.

"Ni da ke wanke masa riguna za a ba labari?"

"To uwargida, me ya hana ki faɗa?"

"In faɗa wa wa? Kai da kake amininsa, ka faɗa?"

Ita ta ja shi zuwa garin Kearney wajen likita, yana tirjewa kamar ɗan maraƙi. Likita ya ce karkarwar gado ce, ba ta kisa, ba ta kuma warkewa. Tana ƙaruwa in mutum ya miƙa hannu ya riƙe abu, tana ƙaruwa da gajiya, tana ƙaruwa da fargaba. Ya ba shi ƙwayoyin da ke ɗan rage ta. Del ya ce ko da gangan aka zauna aka ƙera ciwon da zai kayar da mutum a gwajin harbi, ba za a yi wanda ya fi wannan ba.

Na ce ko mu cire gilashin mu koma saitin ƙarfe.

"In koma in daina gani? Da ƙarfe ba na ganin takarda. Da wannan ina ganin takarda, ina kuma ganin hannuna. To zaɓar mini ɗaya, tunda ka iya."

Ban iya ba. Kuma kada wani ya ce ai sai ya yi ritaya ya huta. 'Ya'yansu biyu na can nesa, sai Kirsimeti ake ganinsu. Gonar ubansa ta daɗe a hannun wasu. Del ba ya kamun kifi, ba ya karta, littafi kuwa shafi biyu ke sa shi barci. Ƙofar nan ita ce abin da yake da shi. In ka cire shi daga bakinta ban san abin da zai saura ba, shi ma bai sani ba, kuma abin da ke hana shi sakat ke nan.

Sai ya kama horo kamar sabon shiga. Kullum in an tashi kotu, a-kori-kurarsa na bakin fili. Ya gano da kansa cewa kokawa da ɗigon ita ke ƙara haukata shi. In ka ce sai ka fizgi kunama daidai lokacin da ya gifta tsakiya, harsashi ƙasa zai yi. Sai ya koyi barinsa ya yi rawarsa cikin da'ira, shi kuma yana matsa kunama sannu-sannu har ta tashi ba da saninsa ba. Wata rana ya samu ashirin da shida, mu rabu muna zagin juna don murna. Washegari, hannun nan dai, bindigar nan dai, ya samu goma sha tara. Ba barci ba ne, ba abinci ba ne, ba iska ba ce, duk mun bi mun duba. Ni da na saba duk abin da aka kawo mini in sa masa magagari da mai ya gyaru, sai ga ni zaune ina kafa takarda ina cire takarda, iyakar iyawata ke nan. Na ji haushin ɗigon, na ji haushin shekaru, har wa Allah na kai ƙara a coci, cikin zuciyata.

Ya hana ni gaya wa kowa. Amma a garinmu in ka yi atishawa a gidan mai, a gidan waya za a yi maka sannu. Kafin masara ta bushe kowa ya sani, kowa kuma na yi kamar bai sani ba. Mai shagon gahawa ta fara ba shi kofi mai murfi, ta ce wai sauran duk sun fashe.

Ranar gwaji ta zo da sanyin safiya da 'yar iska daga arewa. Sherif ɗinmu mace ce, Tamra Vogel, wadda Del ya koya wa riƙon bindiga tun tana sabuwar ma'aikaciya mai zubar da hawaye in alƙali ya ɗaga murya. Ita ke ba da umarni, ita ke ƙirga. Mutum shida ne a layi, Del ya faɗo tsakanin samari biyu. A hagunsa Brock, wani ƙato mai wuyan bijimi da Del ya sha ja wa kunne ya kuma sha rufa wa asiri. A damansa Ramiro, wanda Del ya tsaya wa uba ranar baftismar 'yarsa. Dukansu ko idonsu a rufe ba sa kuskuren takarda. Lorna ta aiko da kolaci, ba wanda ya iya taɓawa.

"Baba Del, yau ma kunyata mu za ka yi?" in ji Brock, yana wata dariya da ba ta kai ciki ba.

"Kai dai kula da takardarka, ɗan nan. Bara sandar da ke riƙe da ita ka harba."

"Sharri ne, Baba!"

"Sandar na nan da tabonta, je ka gaishe ta."

Akwai wata tsohuwar al'ada a layin gwaji, ba a rubuta ta ba, ba a kuma faɗar ta. In na kusa da kai na cikin wani hali, matarsa ta haihu bai yi barci ba, ko kafaɗa na damunsa, kai kuma kana da rara, sai ka ɗan karkata bakin bindiga a layin nesa ka jefa masa harsashi ɗaya ko biyu a takardarsa. Takardun dab da juna suke, ƙarar harbi ta cika wuri, ramin harsashi kuma ba ya ɗauke da sunan kowa. Na sha gani, na sha kawar da kai. Sharaɗinta ɗaya ne: mutum guda ke yi, kuma ya yi da awo.

Ina zaune a baya da madubin hangen nesa, wanda da shi nake duba takardu. Daga kusa Del bai sha wahala ba. Da aka ja baya yadi goma sha biyar na ga wuyan rigarsa ya jiƙe duk da sanyin nan. Daga nan na kasa sa ido a madubi. Hannunsa nake kallo. Bakin bindigar na kaɗawa, shi kuma ya kafe a tsaye, yana matsa kunama a hankali, ɗaya bayan ɗaya, yadda ya koya wa kansa. Shi ne na ƙarshen gamawa. Ya mayar da bindiga kube, ya waigo ya ɗaga mini gira. Na san wannan girar tun muna yara: yana jin ya yi.

Tamra ta bi takardu da alƙalami tana ƙirgawa. Da ta zo kan ta Del ta ƙirga, ta tsaya, ta sake ƙirgawa tana sa wa kowane rami alama. Sannan ta zaga ta bayan takardar ta kuma ƙirgawa.

"Nawa?" in ji Del.

"Baba, bari in..."

"Tamra. Nawa?"

"Talatin da bakwai."

Mutumin da aka ba harsashi talatin. Ba sai an yi dogon bincike ba: takardar Brock rami ashirin da shida, ta Ramiro ashirin da biyar. Kowannensu ya ji tausayin tsoho, kowanne ya yi shawara da zuciyarsa shi kaɗai, kowanne kuma ya zuba da hannu sake don kada a samu giɓi. Tara suka jefa masa su biyu. Garin neman gira an rasa ido.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne sauran lissafin. In ka cire taran nan, ashirin da takwas na Del ne, da hannunsa ya sa su a takarda. Cikin da'ira akwai rami talatin da ɗaya, shida a waje. In duk na samarin a ciki suka faɗa, Del ya samu ashirin da biyu, ya faɗi. In biyu kacal daga cikinsu suka fita waje, kuma harbin sata a gaggauce ba abin mamaki ba ne ya fita, to Del ya samu ashirin da huɗu, ya ci da guminsa. Bindigoginsu iri ɗaya, harsashi iri ɗaya, rami iri ɗaya. Ba mahalukin da zai iya rarrabe su.

Brock ya cire hula yana murza ta. "Baba Del, iska ce ta..."

"Iska," in ji Del. "Ta ɗauko huɗu daga hagu, ta ɗauko biyar daga dama, ta ajiye mini. Allah ya yi wa iskar nan albarka, ta san zumunci."

Ba wanda ya yi dariya. Idon Ramiro ya kawo ruwa.

"Baba, wallahi ban san shi ma zai yi ba. Ka yafe mana. Ba mu so ne ka..."

"Na sani, ɗana."

Tamra ta gyara murya. "An soke wannan. Ku biyun nan ku same ni a ofis, za ku gane kurenku. Baba, damarka na nan, ba a taɓa ta ba. Ka huta, ka dawo mako mai zuwa, kai kaɗai a layi. Daga ni sai kai sai Baba Orval."

Del bai dube ta ba. Ya sa yatsa yana bin ramukan, takardar na ɗan ƙara a ƙarƙashin yatsan nasa.

"Tamra, in wani ya shigo kotu gobe da mugun nufi, wa ke bayana?"

"Brock ko Ramiro, duk wanda ke kan aiki."

"To. Yau sun gaya mini abin da suke tsammani daga hannuna. Ba da baki ba, da harsashi, kuma yaran nan ba su iya ƙarya da harsashi ba. Ranar da abu ya faru, rabin idonsu na kaina, maimakon kan mutumin. Ko talatin na ci mako mai zuwa, wannan ba zai goge ba."

"Baba, don Allah."

"Ni na koya miki aikin nan. Me na ce miki game da abokin aikin da sai an tallafe shi?"

Na tsaya riƙe da sabuwar takarda a hannu kamar wawa, ina neman kalma ɗaya da za ta tsayar da shi, ban samu ba.

Ya zare bindigar, ya buɗe ta ya nuna ba komai a ciki yadda ƙa'ida ta ce, ya miƙo mini, da ma tasa ce ta kansa. Sannan ya kai hannu ga bajon da ke ƙirjinsa. Allurar ta ƙi ɓalluwa, yatsunsa sai zamewa suke yi. Muka tsaya mu bakwai muna kallo, ba wanda ya isa ya miƙa hannu, tunda taimako ne ya kawo mu inda muke. An daɗe kafin ta ɓalle.

Ramiro ke tsaye a ƙofar kotu yanzu. Yana ƙoƙari, sai dai bai iya zancen ruwan sama ba. Brock ya je ya gyara wa Lorna shinge ba wanda ya sa shi, ya share musu ƙanƙara duk tsawon sanyi, Del kuma na gode masa da irin ladabin da ake yi wa baƙo. Bindigar na cikin akwatin ƙarfena, ba mai motsa ta, saboda haka ɗigon a mace yake. Na tambaye shi ko in sayar, ya ce a'a. Ko in kai masa gida, ya ce a'a. Takardar kuwa ni na cire ta. Na auna ramukan nan da duk abin awon da na mallaka, na bi gefensu da gilashin ƙara girma ko zan ga wanda ya shigo a karkace, ban samo komai ba.

Kusan kullum da hantsi yana zuwa shago. Ya zauna kusa da hita, ya riƙe kofi da hannu biyu, mu zagi gwamnati, mu zagi masu hasashen yanayi, mu zagi juna. In ya tashi tafiya ya sa malafa ya kama ƙofa, sai ya tsaya.

"Orval, kai ke da madubi ranar nan."

"Ni ke da shi."

"Ka ga inda nawa suka faɗa?"

Sau da yawa na yi niyyar in ce masa ashirin da huɗu. Ba ta kashe kowa. Amma in na faɗa, ni ma na shiga layi na jefa masa nawa harsashin, kuma zai gane, don tun muna 'yan firamare ya san muryata in tana ƙarya.

"Ban gani ba, Del. Hannunka nake kallo."

Sai ya gyaɗa kai.

"Kowa ma shi yake kallo," in ji shi, ya ja ƙofar da hannu biyu ya fita.